Tarkwa Bay: Inda Teku Ke Sassauta Wa Ɗan Koyo

Duk wanda aiki ko karatu ya taɓa kai shi Ikko daga nan Arewa, da wuya ya komo gida bai je ya gano teku ba. Akasarinmu mukan tsaya ne daga nesa, mu naɗe ƙafar wando, mu dubi raƙuman ruwa suna tasowa suna faɗuwa da rugugi, mu yi tasbihi, a ɗauke mu hoto, mu juyo. Wannan tsoro kuwa yana da dalili, domin tekun da ke gaban Ikko yana da ƙarfi ƙwarai, kuma da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin ya ci mutane ba.

Amma a bakin mashigar jiragen ruwa ta birnin akwai wani lungu da ake kira Tarkwa Bay, inda wannan teku mai fushi yakan sauko ya yi laushi. Babu hanyar mota zuwa wurin. Sai mutum ya shiga kwalekwale mai inji daga Marina ko daga Victoria Island, ya yi tafiyar kamar minti 20, yana wuce manyan jiragen ruwa masu jiran shiga Apapa. In ya sauka, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yara ’yan shekara goma ko ƙasa da haka, kowane yana tsaye a kan allo, igiyar ruwa tana gudu da shi zuwa gaɓa kamar mahayi a kan doki ranar hawan salla. Wannan shi ne wasan hawan igiyar ruwa, kuma Tarkwa Bay ce cibiyarsa a Nijeriya.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka kuma ba ya kwanciya banza. Me ya sa igiya take sassauci a wannan lungu, alhali kuwa a bayan duwatsun da ke gefensa, tafiyar ’yan mintoci a ƙafa, gwanayen iyo ma suna shakkar shiga? Amsar wannan tambaya tana da amfani har ga wanda ba shi da niyyar hawa allo, domin wanda ya iya karanta yanayin teku ya san inda zai sa ƙafa da inda zai ja da baya.

Wasan Ba Baƙo Ba Ne A Afirka

Mutane da yawa sun ɗauka wannan wasa na Turawa ne. Gaskiya ne cewa daga tsibiran Hawayi ya yaɗu a duniya a ƙarni na 20, musamman ta hannun Duke Kahanamoku, gwanin iyon da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1912. Kuma tun a 1779 wani hafsa cikin ayarin Kyaftin Cook ya rubuta yadda ya ga mutanen Hawayi suna hawan igiya.

Sai dai fiye da shekara 130 kafin wannan, a wajen shekarun 1640, wani Bajamushe mai suna Michael Hemmersam da ya zauna a Elmina, cikin ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya rubuta cewa ya ga yara a kan alluna cikin ruwan teku. Shi ya zaci iyo ake koya musu, amma masana tarihi irin su Kevin Dawson suna ganin hawan igiya ya gani bai gane ba. A 1834 kuma wani hafsan sojan Ingila, James Alexander, ya bayyana yadda yaran Akara suke shiga teku da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, su jira igiya ta taso ta kawo su gaɓa. Ashe ke nan jikokin masuntan Afirka ta Yamma gadonsu suke yi.

A 1966 aka fito da wani shahararren fim na Amurka mai suna The Endless Summer, wanda ya bi wasu matasa biyu da suka zagaya duniya suna neman igiya, suka ratsa ta Senegal da Ghana da Nijeriya. Wasan ya shiga Olamfik a karon farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, inda wata ’yar Afirka ta Kudu, Bianca Buitendag, ta ci lambar azurfa.

Daga Ina Igiyar Take Zuwa?

Iska ce uwar igiya. In iska ta kaɗa a kan ruwa takan tayar da shi, kuma girman abin da za ta tayar ya dogara ne a kan abu uku: ƙarfinta, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta bi ta kansa. Shi ya sa kududdufi ba ya yin igiyar kirki, tafkin Kainji yakan yi ’yar kaɗan, teku kuwa yakan yi mai kifar da jirgi.

Abin mamaki shi ne, igiyar da ta fi kyau a gaɓar Ikko ba iskar Ikko ce take haifar da ita ba. Can kudancin Tekun Atlantika, kusa da yankin ƙanƙara na Antatika, akwai wani sarari inda guguwa take zagaya duniya ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba. Tsakanin wurin da gaɓar Nijeriya akwai fiye da kilomita 5,000 na ruwa tsantsa. Igiyar da guguwar can ta tayar takan kamo hanya zuwa arewa, ta yi kusan mako guda tana tafiya. A kan hanya ƙananan igiyoyi masu hargitsi sukan mutu, dogaye su jeru sahu sahu, su iso a natse. Saboda haka mutum yana iya tsayawa a gaɓa ranar da ko ganye ba ya motsi, ya ga manyan igiyoyi suna isowa. Saƙon guguwar makon jiya ne.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Ruwan kansa ba ya yin wannan tafiya. Ƙarfi ne yake ratsawa ta cikinsa, kamar yadda in an kaɗa tabarma daga baki ɗaya tozo yake bi ta cikinta zuwa ɗaya bakin, ita kuwa tabarmar tana nan inda take.

Masu hawan igiya ba tsayinta kaɗai suke dubawa ba. Sun fi kula da tazarar da ke tsakanin wata igiya da mai bi mata, wadda ake aunawa da daƙiƙa. Kowa yana iya auna ta da agogon hannunsa: ya zaɓi wani dutse, ya ƙidaya daga lokacin da igiya ta doke shi zuwa lokacin da ta biyu ta iso. In tazarar daƙiƙa 6 ce, to iskar kusa ce ta tayar da ita, tsawonta a ruwa mai zurfi bai wuce kamar mita 56 ba, kuma ba ta da tsari. In kuwa daƙiƙa 14 ce, tsawonta ya kai kamar mita 300, daga nesa ta fito, kuma ƙarfinta ya ninka na waccan nesa ba kusa ba, ko da a ido tsayinsu ɗaya ne. Ɗan koyo da ya ƙidaya ya sami tazara mai tsawo, sai ya san yau ranar taka-tsantsan ce. Har wa yau, igiyoyi sukan zo ne ƙungiya ƙungiya. Teku yakan yi shiru na ’yan mintoci, sa’an nan manya uku ko biyar su iso a jere. Baƙon da ya shiga lokacin shirun yana zaton haka ruwan yake, shi ne ƙungiyar take ritsawa da shi.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Igiya ba ta fashewa sai ta ji ƙasa. Tana fara jin ƙasa ne in zurfin ruwa ya ragu zuwa rabin tsawonta. Daga nan ƙasanta yakan rage gudu, ta tattaru, ta ƙara tsayi, har samanta ya rinjayi ƙasanta ya faɗo gaba. Masana sun auna cewa wannan yakan faru ne in zurfin ruwan ya kai kamar tsayin igiyar da sulusi. Watau igiya mai tsayin mita 1 takan fashe a inda zurfin ruwa yake kamar mita 1.3.

Yadda za ta fashe kuwa, siffar ƙasan teku ce take yanke hukunci. In ƙasan yana gangarowa sannu a hankali, igiyar takan rushe ne daga sama kaɗan kaɗan, ta zama farin kumfa mai mirginowa har gaɓa. Irin wannan ita ce ɗan koyo yake nema, domin tana tura allo ba tare da ta maka shi da ƙasa ba. In kuwa ƙasan ya tashi farat ɗaya, igiyar takan miƙe tsaye, ta lanƙwasa bakinta ta jefa shi gaba, ta bar rami a cikinta. Gwanaye suna son wannan, amma ga wanda bai iya ba haɗari ce. A tuna cewa ruwan da zai cika akwati mai mita guda a tsawo da faɗi da tsayi nauyinsa tan 1 ne, kwatankwacin buhun masara goma. Igiyar da ta kai ƙirjin mutum tana ɗauke da irin wannan akwati da yawa.

Wuraren hawan igiya iri uku ne. Akwai inda take fashewa a kan duwatsu ko murjani na ƙarƙashin ruwa, kamar Teahupo’o a tsibirin Tahiti, inda aka yi gasar Olamfik ta 2024. Akwai inda take bin gefen wani tsinin ƙasa da ya shiga cikin teku. Sa’an nan akwai inda take fashewa a kan yashi, kuma Tarkwa Bay irin wannan ce. Yashi ya fi dacewa da ɗan koyo domin in ya faɗi ba dutse zai tarar ba. Aibinsa ɗaya: ba ya zama wuri guda. Tudun yashin da ke nan a wannan wata, guguwa ɗaya tana iya kwashe shi ta bar rami. Don haka sanin bara ba ya wadatar da mutum bana.

Ganuwar Da Ta Haifi Lungun

Tarkwa Bay ba haka Allah Ya halicce ta tun asali ba. Aikin injiniyoyi ne ya samar da ita, ba kuma da nufin wasa ba. A ƙarni na 19 bakin mashigar Ikko yana da wani tudun yashi mai yawo a ƙarƙashin ruwa, wanda ya hallaka jirage da mutane masu yawa. Manyan jiragen ruwa sukan tsaya ne a waje, a sauke kaya da fasinja cikin ƙanana. Domin magance wannan, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga gina ganuwoyin duwatsu masu miƙewa cikin teku, aikin da ya kankama daga wajen 1908. An riƙa fasa duwatsun ne a yankin Abeokuta ana kawo su ta jirgin ƙasa. Ganuwoyin uku ne: ta gabas, da ta yamma, da wata ta uku mai daidaita gudun ruwan mashigar. A watan Fabrairu na 1914 jirgin wasiƙu na farko, mai suna Akoko, ya shigo har cikin tashar.

A gefen yamma, tsakanin biyu daga cikin ganuwoyin, yashi ya taru ya yi gaɓa mai siffar jinjirin wata. Wannan ita ce Tarkwa Bay. Igiyar da ta taso daga kudu maso yamma takan fara cin karo da ganuwar waje, wadda take karya mafi yawan ƙarfinta. Abin da ya rage sai ya lanƙwaso ta bakin duwatsun ya shigo, ya bazu kamar mafici, ya iso gaɓa a gajiye. Sirrin wurin ke nan.

Amma ko a cikin lungun ba ko’ina ne ɗaya ba. Kusa da duwatsu, igiyar da ta daki ganuwa takan komo ta haɗu da mai bi mata, su biyun su tashi su yi tsini mai tsayi da sauri. Nan ne gwanayen wurin suke taruwa, kuma nan ne ɗan koyo zai guje wa. Wurinsa shi ne tsakiyar gaɓa, inda kumfa yake mirginowa. A bayan ganuwar yamma kuwa akwai doguwar gaɓar da ake kira Lighthouse Beach, saboda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da ke wurin. Ita ba abin da ya kare ta, igiya tana faɗa mata da cikakken ƙarfinta.

Ganuwoyin nan sun yi wani aikin da ba a so ba. A wannan gaɓa ruwa yana jan yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da duwatsu suka datse hanyar, sai yashi ya riƙa taruwa a yamma, gabas kuwa ta rasa mai ciyar da ita. Bar Beach, inda jama’ar Ikko suka saba shaƙatawa ranakun hutu, ta riƙa zaizayewa har teku ya ci fiye da kilomita guda, ya kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga wajen 2008 aka shiga cike wurin da yashi domin gina sabon birnin Eko Atlantic, kuma Bar Beach da iyayenmu suka sani ta zama tarihi. Duwatsun da suka kwantar da ruwa a wani gefe su ne suka haukata shi a ɗaya gefen.

Iska Da Wata Da Lokacin Shekara

Bayan igiya da ƙasan teku, abu na uku da ake dubawa shi ne iskar da ke kaɗawa a gaɓa ranar. In daga teku take zuwa, takan ture kan igiya ta rusa ta kafin lokaci, ruwa ya dagule. In kuwa daga tudu take fita zuwa teku, takan tallafe fuskar igiyar, ta goge ta ta yi santsi, ta jinkirta faɗuwarta. Da asuba tudu yana da sanyi, iska takan kwanta ko ta fita zuwa teku. Da rana ta take tudu ya yi zafi, sai iskar teku ta shigo. Saboda haka masu hawan igiya a ko’ina ’yan sammako ne.

A nan ne Arewa take da hannu cikin lamarin. Iskar hunturu da take taso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rufe Kano da Maiduguri da hazo, ta fasa mana leɓe da kaushi, takan kai har gaɓar Ikko a wasu ranaku tsakanin Disamba da Fabrairu. Da yake gaɓar tana fuskantar kudu ne, iskar daga tudu take fita, watau irin wadda ake so. Ranar da ma’aikaci a Kaduna yake rawar ɗari a kan babur, mai allo a Tarkwa Bay yana murna.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin damina a nan, sanyi ne a kudancin duniya, kuma guguwar can tana kan ganiyarta. A waɗannan watanni igiya ta fi girma, ga iskar damina daga kudu maso yamma, ga shara da ruwan sama yake kwasowa daga cikin birni. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa igiya takan ragu ta daidaita, kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da ɗan koyo. Ruwan yana da ɗumi kusan duk shekara, wajen digiri 27 zuwa 29 a ma’aunin Salsiyos, sai tsakanin Yuli da Satumba ne yakan ɗan yi sanyi. Ba a bukatar rigar roba irin wadda ake sawa a Ingila ko Afirka ta Kudu.

Na huɗu shi ne cikowa da janyewar teku, wanda janyowar wata da rana take haddasawa. A Ikko teku yana cikowa sau biyu a kwana guda, tsakanin wata cikowar da wata kamar sa’a 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin yakan jinkirta da kamar minti 50. Bambancin tsayin ruwan bai da yawa, wajen mita guda ne, amma a kan yashi mita guda tana sauya komai. Ga mu masu lissafin watan sama, abin yana da sauƙin riƙewa: cikowa da janyewa sun fi ƙarfi a wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, sun fi rauni a wajen ranar bakwai da ta ashirin da biyu. In ruwa ya janye ƙwarai, igiya takan faɗi farat ɗaya a kan yashi marar zurfi. In ya cika maƙil, takan zo ta fashe a bakin gaɓa. A galibin gaɓoɓin yashi tsaka-tsaki ya fi, amma kowane wuri da halinsa, kuma ’yan wurin ne suka san shi.

Rariyar Teku

Yanzu mun zo ga abin da ya fi kome muhimmanci. Duk ruwan da igiya ta tura gaɓa dole ne ya koma. Yakan taru ya nemi wani kwari a tsakanin tuddan yashi, ko ya bi gefen ganuwar duwatsu, ya fita da gudu zuwa cikin teku, kamar yadda ruwan sama yake taruwa a tsakar gida ya fita ta rariya. Wannan rariyar teku ita ce babbar mai kisa a gaɓoɓin yashi na duniya. Ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ma’aikatanta suke cetowa a gaɓoɓi masu igiya, rariyar ce ta ja su. Gudunta na yau da kullum kamar rabin mita ne a daƙiƙa, amma an auna wadda ta kai wajen mita 2.5, abin da ya zarce gudun gwanin iyo na duniya.

Makircinta shi ne, ita ce ta fi kama da wurin aminci. Da yake ruwan wurin ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa. Baƙo ya dubi dama ya ga farin kumfa, ya dubi hagu ya ga farin kumfa, ya ga wani fili a tsakiya mai duhu a kwance, sai ya ce nan ne ya fi. Alamominta su ne: giɓi a cikin sahun kumfa, da ruwa mai duhu ko mai launin yashi, da tarkace ko kumfa masu tafiya suna nisantar gaɓa.

Rariya ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi. Abin da yake kashe shi shi ne firgita da ƙoƙarin yin iyo gaba da gaba da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ta kama ya natsu, ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu ɗaya ya nemi taimako. In ya iya iyo, ya bi gefe, watau daura da gaɓa, domin galibi ba ta da faɗi, sa’an nan ya bar igiya ta komo da shi. Mai allo kada ya sake shi ko da wasa. Wanda yake kan tudu kuma kada ya faɗa ruwa hannu rabbana don ceto, ya jefa abin da yake iyo a kan ruwa, ya kira masu kwalekwale.

Wannan gargaɗi ya shafi har gwanayenmu na kogi. Arewa tana da Sarkawa da sauran masunta, kuma wanda ya ga wasan kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san muna da mazajen ruwa. Amma kogi gefe guda yake gudu, kuma ana ganinsa. Teku yana turowa yana ja a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ya fi yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama’a. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa.

Ranar Farko

Wanda ya yi niyyar gwadawa, sharaɗin farko shi ne ya iya iyo. Allo ba ya maye gurbin wannan. Na biyu, ya nemi malami daga ’yan wurin. Za a ba shi allo dogo mai faɗi, na soso mai laushi, tsawonsa ƙafa 8 zuwa 9, da igiyar roba da ake ɗaure wa a idon sawu don kada allon ya tsere. Kafin ya taɓa ruwa, ya zauna a kan yashi kamar minti 15 yana kallo: ina igiya take fashewa, ina ba ta fashewa, ina tarkace suke nufa.

Darasin farko a kan yashi ake yinsa, watau yadda ake tashi daga kwance zuwa tsaye da motsi guda. Sa’an nan a shiga ruwa iya ƙugu, a juya kan allo zuwa gaɓa, a kwanta, a yi tuƙi da hannu in kumfa ya matso. Kada a riƙe allo a tsakanin jiki da igiya, domin za ta maka wa mutum shi a fuska. In za a faɗi, a faɗi a shimfiɗe, ba da ka ba, a kuma kare kai da hannuwa lokacin fitowa. Wasan yana da ladubbansa: igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce, kuma wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ne mai ita. Faɗuwa kuwa ba makawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu Wurin

Duk wannan sani da muka zayyana, yaran Tarkwa Bay sun haddace shi ba tare da littafi ba. Su ne malaman baƙi, kuma sau da yawa su ne masu ceto, domin allo ya fi kome saurin isa ga wanda ruwa ya ja. Ranar 21 ga Janairu 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna tsibirin, dubban mutane, aka rushe gidaje. Hukuma ta ce ta yi haka ne domin maganin masu fasa bututun mai da ya ratsa yankin. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suka ce ba a ba jama’a wa’adin kirki ba, ba a kuma tanadar musu wurin komawa ba. Daga baya baƙi suka ci gaba da zuwa, matasa suka koma ruwa, amma abin ya nuna yadda zamansu yake a kan siraɗi.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, amma wuraren da ɗan koyo zai shiga da kwanciyar hankali ba su da yawa. Maƙwabtanmu sun gane darajar irin waɗannan wurare. A Busua, wani ƙauyen masunta a yamma da Takoradi cikin Ghana, koyar da hawan igiya ya zama sana’ar matasa, haka kuma a Dakar ta Senegal. Abin da ya kamaci hukumominmu ba mai tsada ba ne: a ɗauki waɗannan matasa a horar da su a matsayin masu ceto da albashi, a kafa tutoci masu nuna inda aka yarda a shiga kowace rana, a rubuta gargaɗi a kan rariyar teku da Yarabanci da Hausa da Ibo da Turanci, a kuma tilasta sa rigar ceto a cikin kwalekwalen da ke kai mutane.

Kai kuma mai karatu, in hanya ta kai ka bakin teku, a Ikko ne ko Kwatano ko Akara, ka tsaya ka duba kafin ka shiga, ka tambayi ’yan wurin, kada ka shiga kai kaɗai, kada kuma ka zaɓi wurin da ya fi duhu da kwanciya a tsakanin kumfa. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kiyaye mu, amin.